Tarihin Tiyatar Zuciya

Tiyatar zuciya reshe ne na aikin likita da ake gyara zuciya da manyan jijiyoyin da ke manne da ita, ko dai a tsaga ƙirji, ko a zura siririn bututu ta jijiyar cinya ko ta hannu. Ba tsohon ilimi ba ne. Har ƙarshen ƙarni na 19 manyan likitocin Turai suna ganin taɓa zuciya da wuƙa ganganci ne, sai a 1896 Ludwig Rehn na birnin Farankfot a Jamus ya ɗinke zuciyar wani saurayi da aka daɓa wa wuƙa, saurayin kuma ya rayu.

Cutar da ta fara kai hannun likita cikin zuciya ita ce wadda har gobe take cin yaranmu. Yaro zai yi ciwon maƙogwaro, a ce sanyi ne, ba a ba shi maganin kashe ƙwayar cutar ba. Bayan makonni zazzaɓi ya taso, gaɓoɓi su kumbura, garkuwar jiki ta juyo ta far wa bawul-bawul ɗin zuciya, waɗanda ke buɗewa su rufe don jini ya bi hanya ɗaya. Da tafiya ta yi tafiya sai bawul ya tsuke ko ya daina rufuwa. A 1925 Henry Souttar ya zura yatsa cikin zuciyar wata yarinya a Landan ya buɗa bawul ɗinta. Yarinyar ta tashi, amma abokan aikinsa ba su sake turo masa ko mutum ɗaya ba. Sai a 1948 Charles Bailey da Dwight Harken a Amurka, da Russell Brock a Ingila, suka farfaɗo da aikin.

Jariran da ake haifa da nakasar zuciya su ma sun samu rabonsu a wannan tsakani. Aikin da aka yi a asibitin Johns Hopkins a 1944, na ƙara wa huhun jariri jini, ya shahara da sunan Alfred Blalock da Helen Taussig. Amma wanda ya ƙware a ɗinkin tun a ɗakin gwaji, ya tsaya bayan Blalock yana nuna masa inda zai sa allura, shi ne Vivien Thomas, baƙar fata da talauci ya hana karatun likita. An daɗe kafin a ba shi haƙƙinsa, kuma hakan zalunci ne.

Babban shinge ya faɗi ne ranar 6 ga Mayun 1953 a Filadelfiya, lokacin da John Gibbon ya jona wata budurwa mai shekara 18 da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu, ya toshe ramin da ke zuciyarta. Daga nan abubuwa suka yi ta zuwa a guje: na'urar daidaita bugun zuciya da aka dasa wa mutum a Suwidin a 1958, bawul ɗin ƙarfe na Starr da Edwards a 1960, sai dabarar René Favaloro ta 1967, wato a ɗebo jijiya daga ƙafa a kewaye wadda ta toshe. A Disambar wannan shekara Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu, mutumin ya yi kwana 18 ya rasu. A 1977 Andreas Grüntzig ya buɗa jijiyar zuciya da ɗan balan-balan a Zurik ba tare da tsaga ƙirji ba.

A Nijeriya an fara tiyatar da ake buɗe zuciya a Fabrairun 1974 a asibitin koyarwa na Inugu, ƙarƙashin Farfesa Fabian Udekwu, tare da Magdi Yacoub, ɗan asalin Masar da ya zo daga Ingila. Ibadan ta biyo baya a 1978. Mafarin ya yi kyau, ɗorewar ce ta gagara. Aikin na buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa, da jini a ajiye, da ɗakin kulawa ta musamman, da ma'aikatan da hannunsu bai yi sanyi ba. Inugu kanta ta tsaya na kusan shekara 10 kafin a dawo da aikin a 2013 da taimakon likitocin waje. Masu hali suka kama hanyar Indiya da Masar. Ɗan ƙwallon ƙafa Nwankwo Kanu, wanda aka yi wa aikin bawul a Amurka a 1996, ya kafa gidauniya a 2000 don kai yara a yi musu. Cibiyar Salam da ƙungiyar Emergency ta buɗe a Khartum a 2007 tana yin aikin kyauta, amma yaƙin Sudan na 2023 ya tare wa baƙi hanya.

Gudummawar Arewa a wannan tarihi ta fi yawa a fagen gano cuta. A shekarun 1970 Neil Davidson da Eldryd Parry sun yi nazarin kasawar zuciya a tsakanin masu jego a Zariya, suka danganta yawanta da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya kan gadon da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Wannan ciwo, kamar wanda hawan jini ke jawowa, magani yake so ba wuƙa ba. Wanda wuƙa ke yi wa rana shi ne bawul da ya lalace.

A nan ne tarihin ke cin karo da halin da ake ciki a ƙauye irin Gwaska a ƙasar Birnin Gwari. Misali, ga amarya mai cikin fari da bawul ɗin zuciyarta ya lalace, numfashinta na sama-sama, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta da matashi uku, ƙafafu sun kumbura har zane ya bar shaida a ƙwauri. Daga babban asibitin Birnin Gwari za a tura ta Kaduna ko Shika a Zariya don hoton zuciya, ta hanyar da ta ratsa dajin da ɓarayi suka daɗe suna tarewa. In ta kai ga tiyata, zaɓi biyu ne a gabanta in za a sauya bawul. Na ƙarfe yana iya kai ta ƙarshen rayuwa, amma sai ta sha warfarin, maganin tsinka jini, kullum, ana auna jininta a kai a kai. In ya yi yawa jini ya ɓalle, in ya yi kaɗan bawul ya toshe, ga shi yana cutar da ɗan tayi. Na naman dabba bai buƙatar wannan, sai dai yana lalacewa cikin shekara 10 zuwa 15, kuma ya fi saurin lalacewa a jikin matasa. A ganina likitan da ya zaɓa mata bawul bai tambayi nisan gidansu da ɗakin gwajin jini ba bai gama aikinsa ba.

Shi ya sa likitoci suka fi son gyara bawul ɗin mutum na asali, ko su buɗa shi da balan-balan ɗin da Kanji Inoue na Japan ya ƙirƙiro a shekarun 1980. Duka biyun ba sa yiwuwa sai an zo kafin bawul ya ƙandare. Binciken da aka wallafa a 2007 kan ɗaliban Mozambik da Kambodiya ya nuna na'urar hoton zuciya na gano masu cutar bawul kusan ninki 10 na abin da sauraron ƙirji ke ganowa. Wani gwaji da aka yi a Yuganda kuma ya tabbatar da cewa allurar fenisilin duk mako huɗu tana hana cutar ci gaba a yaran da aka gano da wuri.