Tsohuwar Takarda a Matsayin Kayan Haɗa Saman Kanta: Nazari a Kan Garin Wudil

Tsakure

Maƙalar ta duba iƙirarin cewa allon kanta da ake haɗawa da tsohuwar takarda yana kare muhalli a duk inda aka kai shi. Ta auna iƙirarin da yanayin garin Wudil, ta gano cewa takardar da ake lissafawa a matsayin shara tana da masu ita, wata kuma tana da alfarmar da ta hana a sarrafa ta.

Gabatarwa da Waiwaye

Fasahar ba sabuwa ba ce. A 1907 Leo Baekeland ya samar da ƙaron fenol, a 1913 kuma aka kafa kamfanin Formica a Amurka. Formican da kafintocinmu ke liƙa wa teburi da kanta takarda ce da aka jiƙa da ƙaro aka matse da zafi. Kamfanin Richlite na Takoma, wanda ya faro a 1943, da PaperStone na jihar Washinton, sun bambanta ne da kauri: allo suke yi sukutum, ana yanka shi da zarto kamar katako. Richlite ya bayyana cewa kusan kashi 65 cikin ɗari na allonsa takarda ce, kashi 35 ƙaro.

Masu yaba wannan allo sun gina hujjarsu a kan zato guda: takardar da aka gama amfani da ita bola za ta, don haka duk wanda ya ɗauke ta ya yi wa muhalli alheri. Zaton ya dace da biranen da kwali da jarida ke cika juji. Kuskuren shi ne ɗauko shi ɗungurungum a ɗora wa garuruwan ƙasar Hausa ba tare da an tambayi inda takardarsu ke ƙarewa ba.

Hanyar Bincike

An kwatanta bayanan da kamfanonin suka fitar da abin da aka lura da shi a kasuwar Wudil, da shagunan da ke kewaye da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda ta fara aiki a 2001.

Sakamako

Takardar Wudil ta kasu uku. Kashi na farko yana da kasuwa tun kafin ya faɗi ƙasa. Mai tsire, mai ƙosai, mai gyaɗa da mai soya kifin bakin gada duk da takarda suke ƙunshi, ranar Juma'ar kasuwa kuwa buƙatar ninkuwa take. Kwali na hannun 'yan jari-bola, daga nan ya wuce wurin masu yin kiret ɗin ƙwai, ko ya zama shimfiɗar 'yan tireda. Masana'antar da ta shigo sayen wannan kashi za ta tsadantar da shi, mai ƙosai kuma ya koma wa leda, wadda ita ce ke toshe magudanai, take kashe dabbobin da suka haɗiye ta. An yi gudun gara ke nan an faɗa wa zago.

Kashi na biyu shi ne mai alfarma. Ɗalibi kan buɗe littafinsa da Bisimilla, katin ɗaurin aure na ɗauke da addu'a, ga littattafan Islamiyya da suka yage. Al'adar mutanen gari ita ce a tsince irin wannan takarda a ƙona ko a binne a wuri mai tsarki. Ba magidancin da zai yarda a yanka nama ko a ɗora tukunya a kan allon da yake zargin akwai aya a cikinsa. Tacewa kuwa sai da ido, shafi bayan shafi, domin ƙaro na rufe rubutu ne kawai, ba ya kankare shakka daga zuciyar mai saye.

Kashi na uku ne kaɗai ya rage: takardun ofis da ragowar shagunan buga takardu da ke hidima ga jami'a da Kwalejin 'Yan Sanda. Shi ma ƙaro na jiran sa. Fenol daga man fetur yake, ƙaronsa kuma da zarar ya daskare ba ya narkewa, ba ya ruɓewa. Man ɓawon yazawa, wadda ake nomawa sosai a Kogi da Oyo, na iya maye gurbin wani ɓangare nasa. Sannan allon ba ya jure zafin da ya haura kusan digiri 175, alhali tukunyarmu daga kan gawayi ake sauke ta.

Iyakokin Bincike

Ba a auna nauyin takardar kowane kashi ba, ba a kuma gwada allon a ɗakin gwaji ba. Awo zai gyara girman kason, amma ba zai soke rabon ba.

Kammalawa

Allon takarda na da gurbi a Wudil, sai dai ƙarami ne: kantar kemis, teburin ofis, bencin karatu. Sharaɗi uku ne: a tsaya a kan kashi na uku, a tace shi a gaban mai saye, a nemi ƙaron yazawa. Ya kamata sashen kimiyyar sinadarai na jami'ar ya fara da gwajin ƙaron.