Hoto Kan Hoto: Daga Labulen Mai Hoto Zuwa Fastar Siyasa a Dutse

Da zarar kakar zaɓe ta kama, bangwayen Limawa da sauran mazaɓun Dutse sai su cika da fastoci. Ɗan takarar kansila na tsakiya cikin babbar riga, uban gidansa a siyasa na leƙowa ta saman kafaɗarsa, tutar jam'iyya a baya, taken kamfe a ƙasa. Sau da yawa mutanen nan ba su taɓa tsayawa gaban kyamara tare ba. An ɗora su ne ɗaya kan ɗaya a kwamfuta.

Wannan dabara ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1857, Oscar Rejlander a Ingila ya haɗa hoto guda daga gilasan hoto sama da 30, yana rufe wani sashe na takarda yana haska wani a ɗakin wankin hoto. Aikin ya ci makonni, kuma kuskure ɗaya kan ɓata takardar duka.

A Afirka ta Yamma masu hoto sun bi hanya mai sauƙi, wato labule. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, yakan rataya zane mai ado a baya, ya ara wa mai zuwa rediyo ko agogo ko babur. A garuruwan ƙasar Hausa ma an san labulen da aka zana wa gidan bene ko jirgin sama ko lambun furanni. Saurayi ya sha kwalliyar Sallah, ya dafa teburin fulawar roba, ya fito kamar mai gida a birni.

Shagon mai hoto a garuruwan nan yana da labule biyu ko uku ne kawai, don haka samarin unguwa guda duk gidan bene ɗaya suka mallaka.

Manhajar Photoshop, wadda 'yan'uwa biyu Thomas da John Knoll suka ƙirƙira, ta fito kasuwa a 1990, shekarar da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano.  Sai a 1994 fitowa ta uku ta manhajar ta zo da abin da masu sana'ar ke kira leya: kowane hoto da rubutu na zaune a shimfiɗarsa, tamkar gilasai da aka jera kan juna. Mai aiki zai yanke mutum daga bayansa, ya gyara gefen hula da gemu a hankali, ya sa inuwa a ƙarƙashi don kada ya zama kamar yana lilo a iska. In ɗan takara ya sauya sheƙa, shimfiɗar tuta kawai za a kashe a kunna wata.

Masu fastocin finafinan Hausa a Kano sun rungumi dabarar, suna cusa fuskokin jarumai da yawa a takarda guda. Dawowar mulkin farar hula a 1999 ta faɗaɗa kasuwar fastar siyasa, kalandar biki da sitikar amarya da ango suka biyo baya. Shagunan buga takardu sukan yanke hoto a Photoshop, su jera rubutu a CorelDRAW.

Ƙaruwar ma'aikatan gwamnati bayan Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991 da kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 sun ƙara wa irin waɗannan shaguna ciniki a garin. Yanzu kuwa aikin ya koma waya. Da PixelLab ko Canva, matashi kan haɗa katin ɗaurin aure ko sanarwar saukar Alƙur'ani yana zaune a majalisa, ya tura ta WhatsApp, wani lokacin ba tare da an buga ko kwafi ɗaya ba.