Yadda ake zaɓen tayar mota a Gadarif: girma, nauyi da irin hanya

Gadarif, babban birnin jihar da ke ɗauke da wannan suna a gabashin Sudan, yana da nisan kimanin kilomita 410 daga Khartoum. Tun shekarun 1940 yankin ya yi suna wajen noman dawa da riɗi da injuna, kuma Hausawa da dama, jikokin mahajjata da masu hijira daga yammacin Afirka, suna cikin masu noma da lodi da tuƙi a can. Duk buhun da ya bar gona zuwa kasuwa a kan taya yake tafiya, haka ma 'yan ƙwadagon da ake kwasa lokacin girbi. Taya, wadda mutanen Sudan ke kira lastik, tana ɗauke da bayaninta a rubuce a gefenta. Wanda ya iya karanta shi ba zai saya da ka ba.

Hanya iri biyu

Akwai kwalta, wato babban titin da ya taso daga Khartoum ya bi ta Wad Madani da Gadarif da Kassala zuwa Port Sudan, da wanda ya nufi Gallabat a iyakar Habasha. Akwai kuma hanyoyin gona a kan baƙar laka, irin wadda ake kira firgi a Borno, karal a arewacin Kamaru. Da rani wannan ƙasa takan bushe ta tsattsage, ga kututturen dawa da ƙaya masu huda gefen taya. Da damina, daga Yuni zuwa Oktoba, sai ta koma taɓo mai danƙo wanda ke cika haƙoran taya har ta riƙa juyawa a wuri ɗaya. Daga Maris zuwa Mayu kuma zafi yakan kai digiri 40, kwalta ta fi haka. Tambaya ta farko kafin saye ita ce: a kan wace hanya motar ta fi yini?

Karanta lambar girma

A ɗauki lambar 265/70 R16 112S, irin wadda ake gani a motocin daji. Lamba 265 faɗin taya ne a milimita. Lamba 70 tsayin gefenta ne, kashi 70 cikin 100 na faɗin, wato kusan milimita 185. Harafin R yana nuna irin ƙirar zaren cikinta, wadda kusan duk tayoyin ƙananan motoci ke da ita yau. Lamba 16 girman wili ne a inci. Tayar inci 16 ba ta hawa wilin inci 15 ko 17. Akwai kuma tsohon salon rubutu, kamar 7.50 R16 na Toyota Land Cruiser ta aiki, inda 7.50 ke nufin faɗi a inci.

Girman da kamfani ya tsara wa mota yana jikin wata takarda a bakin ƙofar direba ko cikin littafin motar. Idan dole ta sa a canza, abin lura shi ne tsayin taya gaba ɗaya, kuma masu sana'ar sukan ce kada bambancin ya wuce kashi 3 cikin 100. Misali, 195/65 R15 tana da tsayin kusan milimita 635, 205/55 R16 kuma 632, don haka ɗaya na iya maye gurbin ɗaya idan an canza wili. Taya mai tsayi fiye da kima takan gogi jikin mota, ta rage ƙarfin ja, ta kuma sa agogon gudu ya nuna ƙasa da gudun da ake yi.

Nauyi da gudu

Lamba 112 ita ce ta nauyi: taya ɗaya tana ɗaukar kilo 1,120. Lamba 91 kilo 615 ce, 100 kilo 800, 121 kuma kilo 1,450. Ga a-kori-kura irin Hilux, wadda ake kira boksi a Sudan, wannan lamba ta fi kowace muhimmanci, domin da kaka akan jibga mata buhuna a ɗora mutane a sama. Tayar da ke da alamar C ko LT an ƙera ta ne don kaya, gefenta ya fi kauri, kuma alamar 8PR ko 10PR tana nuna ƙarfin jikinta. Sa tayar ƙaramar mota a motar lodi don girmansu ya zo ɗaya ganganci ne.

Harafin ƙarshe na gudu ne: Q kilomita 160 a awa, S 180, T 190, H 210, V 240. Wasu tayoyin kuma suna da ma'aunin jure zafi na Amurka mai daraja uku, A da B da C. A ƙasa mai zafi irin Sudan, A ko B ya kamata a nema.

Abin da tayar tsere ke koyarwa

Masu kai motocinsu filin tsere a Turai da Amurka suna zaɓen taya mai faɗi, gajeren gefe, roba mai laushi, zane kaɗan, irin su Michelin Pilot Sport Cup 2 da Toyo R888R. A kan kwalta mai sumul wannan ƙira tana riƙe ƙasa sosai a kwana, amma tana suɗewa da wuri, kuma riƙonta yana raguwa idan ruwa ya kwanta. Ko gasar Formula 1 ta koma wilin inci 18 daga 13 a shekarar 2022. Daga irin wannan ne samari suke kwaikwayon babban wili da siririyar taya. A Gadarif lissafin yana juyewa: gefe mai tsayi shi ne ke shanye dukan rami. Gajeren gefe idan ya faɗa rami sai taya ta yi ƙullutu ko wili ya lanƙwashe. Darasin dai ɗaya ne, ƙasar da za a taka ita ke zaɓen taya.

Zane uku

Tayar H/T ta kwalta ce, ba ta da ƙara, ba ta shan mai. Tayar M/T mai manyan haƙora da wawakeken tsakani ita ke kakkaɓe taɓo, amma a kan kwalta tana da ƙugi, tana saurin cinyewa. A/T tana tsakiya, kuma ita ta fi dacewa da wanda ke zirga-zirga tsakanin birni da gona. Sai dai idan laka ta jiƙe sosai, har M/T takan kasa, a koma ga tarakta. Tayoyi biyu na layi ɗaya su zama iri ɗaya. A mota mai jan ƙafa huɗu kuwa, duka huɗun da safaya su zama girma ɗaya.

Shekaru da tayar gwanjo

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kayan mota suka yi tsada, shi ya sa tayar gwanjo ke jan mai saye. Kafin a biya, a nemi layin da ya fara da DOT. Lambobi huɗu na ƙarshensa su ne mako da shekarar ƙira: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, rana kuma tana gaggauta hakan. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a riƙa duba taya kowace shekara bayan ta cika biyar, a cire ta idan ta kai goma. Zurfin zane mafi ƙaranci da dokar Tarayyar Turai ta yarda da shi milimita 1.6 ne, akwai 'yan tuddai a cikin zanen, idan sun yi daidai da fuskar taya to ta ƙare. Wadda ke da hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki sau da yawa ta sanyin hunturu ce, robar tayar hunturu kuwa ba ta son zafi. Tsagewa, ƙullutu ko faci a gefe duk dalilai ne na barin taya ko nawa aka rage. Araha ba ta ado.

Iska

Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasa tana zafi, kuma da kaya da gudu a tsakar rana hakan kan kai ga fashewa. Ana auna iska da safe kafin mota ta yi tafiya, bisa adadin da ke bakin ƙofa, wanda yakan ƙaru idan za a yi lodi. Mai faci na iya aunawa da bar ko psi. Bar ɗaya kusan psi 14.5 ne. Idan taya ta yi zafi ma'auni yakan hau da kansa, kuma sace iska a lokacin kuskure ne, domin in ta huce za ta yi ƙasa. Direban da ya rage iska don ƙetare yashi ko taɓo sai ya mayar da ita kafin ya hau kwalta.