Sawakin: Garin da Kakanninmu Suka Jira Jirgi

Duk wanda aka haifa a Jidda ko Makka irina ya san kalmar "takaruni", kuma ya san yadda take sauka a kunne idan yaro ya jefe ka da ita a filin ƙwallo. Na girma ina jin haushinta, amma ban taɓa tambayar ta wace hanya muka zo ba. Sai da kakata ta tsufa ta riƙa maimaita labari ɗaya: ita da kakana da ƙanensa sun baro ƙasar Kano ana gama yaƙin Hitila, sun yi shekara shida a hanya, ƙanen kuma zazzaɓi ya ɗauke shi a Sawakin suna jiran jirgi. A Disambar 2022, ina hutun jami'a, na ce bari in je in ga wurin da idona. Babu wanda ya yarda ya raka ni. Mahaifiyata cewa ta yi, "Mutane na neman fitowa daga Sudan, kai kana neman shiga?"

Na hau jirgin ruwa daga Jidda, muka kwana a kan Bahar Maliya, washegari muka sauka a tashar Usman Digna. Wato hanyar kakana na bi, amma ta baya.

Sawakin tana bakin teku, kimanin kilomita 60 kudu da Fot Sudan. Tsohon garin wani ɗan tsibiri ne mai kama da faifai, wanda za ka kewaye da ƙafa kafin shayinka ya huce. Wallahi da na tsaya a bakin ƙofa sai na ce, yanzu wannan ɗan wurin ne kakata take ba da labarinsa kamar Misra? Amma ƙaramin goro ya fi babban dutse. Ɗaruruwan shekaru nan ce babbar ƙofar wannan yanki zuwa Hijaz da Indiya. Turkawan Usmaniyya sun karɓe garin a ƙarni na 16, suka miƙa wa Masar a 1865, sannan buɗe mashigin Suwez a 1869 ya ƙara masa kasuwa. A ƙarshen shekarun 1870, zamanin Gordon, aka yi hanyar da ta haɗa tsibirin da tudu. A zamanin Mahadi kuma Usman Digna da mayaƙansa na Beja sun yi shekaru suna matsa wa garin, ba su ci shi ba. Yau ga sunansa a kan tashar jirgin. Duniya ke nan.

Abin da ya kashe Sawakin ba yaƙi ba ne. Mashigar ruwanta siririya ce, ga murjani yana ƙara tsuke ta, manyan jirage ba sa iya shiga. Sai Turawan Ingila suka gina Fot Sudan, aka buɗe ta a 1909, 'yan kasuwa suka kwashe suka koma can. Gidajen kuwa da dutsen murjani aka yi su, irin na unguwar Balad a Jidda, har da tagogin katako da ake kira rawashin. Irin wannan gini sai ana bin sa da yaɓen farar ƙasa a kai a kai. Da masu gida suka tafi, iska mai gishiri ta ci abinta. Yanzu yawanci tsibi-tsibin farin dutse ne da kyanwoyi. Mutanen garin suna cewa nan Annabi Sulaimanu ya ɗaure aljannu, shi ya sa ba a taɓa kyanwar Sawakin. Ni dai ban taɓa ba! Masallatai biyu, na Hanafi da na Shafi'i, suna tsaye fes, don Turkiyya ta gyara su, kuma Erdogan ya ziyarci tsibirin a 2017.

To ina namu a ciki? Tun kafin Turawa alhazanmu suna bin hanyar gabas, amma ta cika ne bayan 1903, da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi yana kan hijira. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har bakin Shuɗin Nilu, inda garin Mai Wurno yake har yau kusa da Sinnar. Talakawa suka bi sawu: Maiduguri, Fot Lami wadda ita ce Injamena a yanzu, Abeshe, Jinaina, Fashir, Ubayyid. Guziri ya ƙare, a tsaya a yi aiki. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, dubban mutanenmu suka zama 'yan tsinkar auduga, kakana ma ya yi kaka uku a can. Wanda ya tara kuɗi sai ya gangaro Sawakin, a tsare shi a karantina, a yi masa allura, ya jira jirgi. Wanda ba shi da takarda sai ya bi kwalekwale cikin dare. Akwai kuma abin da ba a son faɗa a gidajenmu: an sayar da wasu 'ya'yan alhazai bayi a Hijaz, kuma Saudiyya ba ta haramta bauta ba sai 1962.

Da la'asar na fito tsibirin na shiga ɓangaren tudu da ake kira Gef, inda mutane suke zaune. Ƙanshi ya ja ni wajen wani dattijo mai gasa nama da ƙuli-ƙuli. 'Yan Sudan suna kiransa agashe, kuma duk Bahaushe ya ji sunan ya san daga ina ya fito. Na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, sannu da aiki." Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Yawwa ɗana, daga ina?" Na ce daga Jidda. Ya yi dariya ya ce, "Ku ne kuka haye. Mu har yanzu muna hanya." A Sudan aka haife shi, haka ma mahaifinsa, bai taɓa ganin Kano ba, bai kuma taɓa ganin Makka ba. A shekarar nan ta 2022 an yi mummunan rikici a jihar Shuɗin Nilu, inda aka ce Hausawa baƙi ne, ba su da ƙasa. Da na taɓo zancen sai ya juya namansa ya ce, "Ɗana, ci abinci."

Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya sa jikansa ya kai ni tsohuwar maƙabarta a bayan gari. Babu suna, babu allo, sai duwatsu a jere cikin rairayi. Na tsaya a gefe na karanta Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya, na ambaci sunan ƙanen kakana, na haɗa da duk wanda yake kwance a wurin. Da na koma na nuna wa kakata hoton, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "A lokacin akwai wata bishiya."

Wata huɗu bayan tafiyata, ran 15 ga Afrilun 2023, yaƙi ya ɓarke a Khartum. Na ga jirage suna sauke mutane a Jidda daga wancan gaɓar, da ƙullin kaya a hannu, na tuna da Baba mai agashe, wanda ko lambarsa ban karɓa ba.

Shawarata gare ku, idan kuna da tsoho a gida, ku zauna yau ku tambaye shi sunayen garuruwan da ya bi, ku rubuta. Kakata ta rasu a bara, kuma akwai garuruwa biyu tsakanin Fashir da Ubayyid da na manta ban tambaye ta ba. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba Sudan zaman lafiya, amin.