Digiri 962: Wutar da Ta Raba Maƙeran Sakkwato Gida Biyu

Hausawa sun kasa maƙera gida biyu, na baƙi da na fari. Sau da yawa akan ɗauka launin ƙarfe ne ya raba su, alhali abin da ya fi raba su shi ne iyakar zafin da wutar gawayi ke iya kaiwa.

Tsantsar azurfa tana narkewa a digiri 962 na ma'aunin Selshiyas, kuma a daidai wannan zafi take daskarewa idan tana hucewa. Zinariya sai 1,064, jan ƙarfe 1,085, baƙin ƙarfe kuwa sai 1,538. Gawayin ƙirya da zuga-zugi suna wuce dubu ba da wahala ba, amma ba sa kai baƙin ƙarfe ga zama ruwa. Saboda haka maƙerin baƙi, irin waɗanda unguwar Maƙera Assada ta yi suna da su a Sakkwato, gasa ƙarfe yake yi har ya yi ja, ya ɗora a uwar maƙera, ya bi shi da masaba. Maƙerin fari kuwa ɗan kasko ya ishe shi: ya narka, ya zuba, ya jira.

To, ina azurfar take fitowa? Bayan Muhammadu Bello ya kafa birnin a 1809, wuri ne kuɗin kasuwa. Azurfa baƙuwa ce, tana zuwa tare da fatake a matsayin liyari, tsabar ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tereza. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga tsabar da wannan shekara a jikinta, domin da ita 'yan kasuwa suka saba. A Kano, a 1851, Heinrich Barth ya tarar ana canza ɗaya a kan wuri 2,500.

Nauyin liyari kimanin giram 28 ne, kashi 83 cikin ɗari azurfa, sauran jan ƙarfe. Wannan gami yana da wata ɗabi'a mai ban mamaki: ko da yake jan ƙarfe ya fi azurfa wuyar narkewa, in an haɗa su sai su fara narkewa tun a digiri 779, su gama zama ruwa kafin 900. Wato kuɗin ya fi tsantsar azurfa sauƙin sarrafawa. Liyarin da ya ƙetare Sahara yana iya kwana a matsayin kuɗi, ya wayi gari munduwa ko zobe ko adon linzami. A ganina wannan ba ɓarna ba ce. A zamanin da babu banki, dukiyar da ke hannun mace ta fi buhun wuri sauƙin tsaro da ɗauka.

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, suka shigo da sulallansu, su ma na azurfa, waɗanda kasko bai bambanta su da liyari ba. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma. Da farashin azurfa ya yi tashin gwauron zabi bayan Yaƙin Duniya na Farko, har ƙarfen da ke cikin sule ya nemi ya fi sulen daraja, sai hukumar ta koma buga na tagulla a 1920. Daga nan sulen da ke yawo a kasuwa ya daina yi wa maƙerin fari amfani, sai dai ya nemi tsofaffin tsaba da karyayyun mundaye.