Salsalar Kalmar Salsa: Daga Gishirin Rumawa Zuwa Gangunan New York

Idan muka shiga gidan abinci a birnin Madrid muka ce salsa, romo ko miya za a miƙo mana. Idan a kasuwar Lisbon ne, mai kayan miya zai ɗaure mana damin wani koren ganye mai ƙamshi. A Alƙahira ko Khartoum, tumatirin gwangwani mai kanti zai ɗauko. A birnin Cali na Kolombiya kuwa, babu wanda zai nufi madafa, kiɗa za a saka a ce mu taso mu taka rawa. Kalma ɗaya ce ta haifi waɗannan ma'anoni, kuma tushenta gishiri ne. Sai dai abin da ya fi jan hankalinmu a tarihinta shi ne, sau biyu ana ɗaukar ta ana liƙa wa kayan wasu mutane, kayan da suke da sunansu da masu su tun kafin ta iso.

Mu fara daga tushe. A harshen Latin, wato yaren Rumawan da, sal shi ne gishiri. Abin da aka sa wa gishiri ana ce masa salsus, idan kuma sunan abin na mace ne sai a ce salsa. A zamanin da babu firji, gishiri ne ke hana nama da kifi lalacewa, shi ya sa darajarsa ta kai har ɗaya daga cikin tsofaffin hanyoyin da suka fita daga birnin Rum sunanta Via Salaria, hanyar gishiri. Rumawa suna da wani romo da suke kira garum, wanda ake samu idan aka jiƙa kifi da kayan cikinsa a gishiri aka bar su a rana har su narke. Matsayinsa a girkinsu ya yi kama da matsayin daddawa a miyarmu. Da tafiya ta yi tafiya, salsa ta tashi daga ma'anar abu mai gishiri ta koma sunan duk wani mahaɗi mai ruwa-ruwa da ake zubawa a abinci don ya yi ɗanɗano.

Bayan rushewar daular Rum ta yamma a shekarar 476, Latin ya rarrabu ya zama harsuna da dama, kowanne ya tafi da kalmar yadda bakinsa ya iya. Sifaniyanci da Italiyanci sun riƙe ta yadda take. Faransanci ya haɗiye harafin l, ta zama sauce, kuma daga can Ingilishi ya aro ta bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066. A Ingilishin tana da 'yan uwa da yawa: sausage da salad da salami duk jikokin gishiri ne, haka ma salary, wato albashi, wadda ta fito daga salarium ta Latin.

Fatake da matuƙan jiragen ruwan Italiya sun yaɗa ta a gaɓar Bahar Rum. Girkawa suka ce saltsa, mutanen tsibirin Malta suka ce zalza, Turkawa suka ce salça suna nufin markaɗen tumatir ko na tattasai mai kauri, Larabawa kuma suka ce salsa da harafin sadi. Sifaniyawa, da suka mulki Filifin sama da shekara 300, sun bar ta a can a matsayin sarsa. Fotugal ce ta bi wata hanya daban: a wurinsu salsa sunan ganyen nan ne da ake yayyankawa a miya, wanda Ingilishi ke kira parsley, miyar kanta kuwa molho suke ce mata. A nan ya kamata mu yi hattara da kamannin sauti. Kalmarmu ta salsala, da muke haɗawa da asali, daga silsila ta Larabci take, wato sarƙa. Salsabil kuma, sunan marmaron Aljanna, ita ma hanyarta daban. Babu ɗayansu da ta haɗa jini da salsa. Kama da wane ba ta wane.

Karo na farko da aka liƙa kalmar a kan kayan wasu, a ƙasar Meziko ne. A shekarar 1521 Hernán Cortés da mayaƙansa da ƙawayensu na cikin gida suka ci birnin Tenochtitlan, hedikwatar daular Aztek. Sifaniyawa sun tarar da mutane masu noma tumatir da barkono, waɗanda Turai ba ta taɓa gani ba. Suna daka su a wani ƙaramin turmin dutse, su haɗa da 'ya'yan kabewa da ganyaye, su ci da wainar masara. A harshensu na Nahuatl, sunan wannan mahaɗi molli. Wani malamin coci, Bernardino de Sahagún, wanda ya isa ƙasar a 1529, ya kwashe shekaru yana tattara bayanan rayuwarsu, har da irin miyoyin da ake sayarwa a kasuwa. Wani kuma, Alonso de Molina, ya buga ƙamus na Sifaniyanci da Nahuatl a 1571. Masu mulki sun dubi abin da ke cikin turmin, suka kira shi da sunan da suka zo da shi daga gida.

Molli ba ta mutu ba. Tana nan a mole, miyar nan mai kauri da ake yi a bukukuwan Meziko, tana nan kuma a ƙarshen guacamole, wadda asalinta ahuacamolli ce, miyar fiya. Amma sunan da ya zagaya duniya shi ne na baƙi. A 1947 David Pace ya fara sayar da irin wannan mahaɗi a kwalba a San Antonio ta jihar Texas, kuma a farkon shekarun 1990 kuɗin da Amurkawa ke kashewa a kan salsa ya zarce wanda suke kashewa a kan ketchup. Yau idan Ba'amurke ya ce salsa, dakakken tumatir da barkono da albasa irin na Meziko yake nufi, alhali a bakin mai Sifaniyanci kowace irin miya ce. Abin da ke cikin kwalbar na Aztek ne, sunan da ke jikinta na Rumawa.

Yadda kalmar ta tsallaka daga tukunya zuwa ganga ba zai ba Bahaushe mamaki ba. Mu ma muna cewa an ƙara wa magana gishiri, muna cewa ilimi gishirin zaman duniya. Haka mawaƙan tsibirin Kyuba suke aron kalmomin girki idan kiɗa ya yi armashi. A farkon shekarun 1930 Ignacio Piñeiro, shugaban ƙungiyar Septeto Nacional, ya yi waƙa mai suna Échale salsita, ma'ana a zuba ɗan romo, a kan wani mai sayar da naman tsire irin na sausage. A lokacin, salsa kirari ce kawai da ake yi wa makaɗa don su ƙara wuta. Kiɗan kansa sunansa son, kuma yana da dangi: guaracha da mambo da chachachá. An haife shi ne daga haɗuwar garayar Sifaniyawa da gangunan bayin da aka kwaso daga Afirka, musamman ƙasar Yarabawa da Kwango, a tsibirin da bai haramta bauta ba sai 1886.

Siyasa ce ta buɗe ƙofar liƙi na biyu. Bayan juyin juya halin Fidel Castro a 1959 da takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Kyuba, hanyar da ke kai makaɗa da faya-fayai tsakanin Habana da New York ta toshe. Kiɗan ya ci gaba a unguwannin talakawa na New York, irin su Bronx da gabashin Harlem, mafi yawa a hannun 'yan asalin Puerto Rico. A 1964 Johnny Pacheco, mai busa sarewa ɗan Jamhuriyar Dominika, da wani lauya mai suna Jerry Masucci suka kafa kamfanin faya-fayai na Fania. Suna da kaya mai kyau, amma sunayensa sun yi yawa, kuma kowanne yana tuna wa mai saye ƙasar da gwamnatin Amurka ta ɗauka abokiyar gaba. Suna buƙatar suna guda, gajere, mai daɗin faɗi. Tun a tsakiyar shekarun 1960 wani mai gabatar da shiri a rediyon Benezuwela, Phidias Danilo Escalona, yana amfani da salsa a sunan shirinsa. Fania da mujallar Latin New York ta Izzy Sanabria suka rungumi kalmar suka tallata ta. Wasan da taurarin Fania suka yi a gidan rawa na Cheetah a 1971, da wanda suka yi a filin wasa na Yankee a 1973, su suka kafa sunan daram.

Manyan makaɗa ba su ji daɗi ba. Tito Puente, wanda ya shahara tun zamanin mambo, ya sha nanata cewa shi a saninsa salsa abinci ce, abin da yake kaɗawa kuwa kiɗan Kyuba ne. A Kyuba ma an daɗe ana kallon sunan a matsayin dabarar 'yan kasuwa ta sayar da dukiyar tsibirin ba tare da ambaton mai ita ba. Suna da gaskiyarsu. Amma matasan New York su ma suna da tasu. Willie Colón ya cika kiɗan da ƙarar kakakin trombone mai kaushi, aka shigo da salon bomba da plena na Puerto Rico, aka ɗebo daga jaz. Rubén Blades ɗan Panama ya sa waƙoƙin suna magana a kan talauci da rayuwar titi, musamman a faifan Siembra na 1978. Sabon sunan ya ba ɗan Puerto Rico da ɗan Dominika da ɗan Kolombiya inuwa guda da za su shiga, abin da sunan son ba zai iya ba su ba. Celia Cruz, 'yar Kyuba da ta bar ƙasarta a 1960, ta karɓi laƙabin sarauniyar salsa ba ta yi musu ba.

Da wannan suna kiɗan ya dawo nahiyar da gangunansa suka fito. A watan Satumba na 1974 Celia Cruz da taurarin Fania suka yi wasa a Kinshasa, a bikin da aka shirya gabanin damben Muhammad Ali da George Foreman. Sun tarar da jama'ar da ta riga ta san sautin, domin tun shekarun 1940 faya-fayan Kyuba ke yawo a Kwango, har suka taimaka wajen haihuwar rumbar ƙasar. A Dakar ma ƙungiyar Orchestra Baobab, da aka kafa a 1970, ta daɗe tana rera irin wannan kiɗa da harshen Wolof.

Abin da tarihin salsa ke nuna mana shi ne, wanda ke riƙe da mulki ko kasuwa shi ke raɗa suna, kuma sunan da ya raɗa yana iya kai abu inda masu shi ba su taɓa mafarki ba, yana kuma iya shafe sawunsu a hanya. Mu kanmu muna cikin wannan labari. Barkono da tattasai da attaruhu da muke ganin kamar tare aka halicce su da miyarmu, daga nahiyar Amurka suka zo bayan ƙarni na 15. Kalmar tumatir da muke faɗi kullum ta biyo ta Ingilishi da Sifaniyanci ne daga tomatl ta Nahuatl, harshen da har gobe sama da mutum miliyan ɗaya da rabi ke magana da shi a Meziko. Sanin salsalar kalma ba zai mayar wa kowa da abin da aka karɓe masa ba, amma yana sa idan mun ci ko mun saurara, mu san wa ya daka, wa ya kaɗa, wa kuma ya zo daga baya ya raɗa suna.