Na'urar Karatu Mai Fuska Biyu

Na'urar karatu mai fuska biyu ita ce wadda ake buɗewa a ninke kamar littafi, shafi a dama, shafi a hagu. Tarihinta gajere ne, kuma akasarinsa tarihin kayan da aka ƙera ne aka watsar.

Karatu a na'ura ya riga ta. A 1998 aka fitar da Rocket eBook a Amurka, a 2004 Sony ta kawo Librie mai tawadar lantarki wadda ba ta gajiyar da ido, sannan Kindle na Amazon ya biyo baya a 2007. Duk fuska ɗaya gare su. Sai masu ƙira suka ga ai littafi fuska biyu gare shi, me zai hana na'ura ta kwaikwaye shi?

Shekarar 2010 ce kakar na'urori masu fuska biyu. Entourage eDGe ta fito da fuskar karatu a gefe guda, fuska mai launi a ɗaya gefen, a kan dala 499; kafin 2011 ta ƙare kamfanin ya rufe shagon littattafansa. Toshiba ta yi Libretto W100. Kno, wadda aka yi wa ɗalibai, kowace fuska tata inci 14 ce, nauyi kamar an ɗauko turmi. Microsoft kuwa ta kashe Courier tun ba ta ga kasuwa ba, ta dawo bayan shekara goma da Surface Duo a kan dala 1,399, ita ma ta daina kula da ita a 2023. Ciwon iri ɗaya ne: tsada, batir mai ciyar da fuska biyu, mahaɗin da ke saki, da manhajojin da aka rubuta don fuska ɗaya. Kuma ido, ko an ba shi shafi biyu, ɗaya yake karantawa.

Nijeriya ta ɗan shiga labarin ta gefe. A 2007 aka gwada kwamfutar yara ta shirin OLPC a makarantar firamare ta Galadima, kusa da Abuja. Wadda aka tsara ta gaje ta, XO-2 mai fuska biyu, a hoto ta tsaya.

A Kano abin ya bi wata hanya dabam. Tsohon littafin unguwanni irin su Sheshe, a cikin birni, ba ɗinkakke ba ne. Alƙur'ani rubutun hannu warƙa-warƙa yake, a tsakanin tadarishi, a cikin gafaka. Malami ya zaro falle ɗaya, ya karanta, ya kife shi a gefe. Almajiri ma allo ɗaya yake riƙewa. Littattafan soyayya na su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, waɗanda aka yi ta haya da aro, suna cikin littattafan da suka saba wa matan gida da buɗe shafi biyu. Da wayar salula ta shigo a 2001, intanet ya biyo ta, mai karatu ya tsallaka daga takarda kai tsaye zuwa wayar da ke hannunsa. Yau marubuciya na sakin labari kashi-kashi a WhatsApp ko Wattpad ko ArewaBooks, mai so ta tura kuɗi a sa ta a zauren masu karanta labarin. An ɗauke wuta, yara sun yi barci, ita kuma tana kwance tana murza fuskar Tecno da babban yatsa, ɗaya hannun na riƙe da mafici. Ina za ta sa na'urar da sai an kama da hannu biyu?

Ko manhajojin karatu ba duka suka tsira ba: OkadaBooks, da Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, ta rufe a ƙarshen 2023.

Ninki dai ya dawo ta wata ƙofa. Samsung ta fitar da Galaxy Fold a 2019, Tecno ta kawo Phantom V Fold a 2023, amma waɗannan fuska ɗaya ce mai lanƙwasa. Idan ta tsage a tsakiya, mai gyara a kasuwar Farm Centre kan juya ta, ya faɗi kuɗin sabuwar fuska, mai ita ya tambayi farashin ƙaramar waya.